Matar da Aka Dasa a Rufin Soro

Ranar da aljanu suka ɗauke Tabawa, da la'asar suka yi, ido na ganin ido, ba su ko jira ta sauke tukunya ba. Mijinta Korau magini ya dawo daga aiki ƙafafu duk laka, yana ta sababi tun daga zaure a kan wani tubali da aka yi masa ba daidai ba. Haka ya saba, faɗan da ya kwaso a waje a gida yake sauke shi. Yau dai ba wanda ya ce masa sannu da zuwa. Tuwo na ƙonewa a kan wuta, muciya na tsaye a ciki. A gindin murhu kuwa, inda Tabawa ke zama kullum, daɓen ya lotsa ya yi gurbin mace zaune, har da sawun yatsun ƙafarta.

Korau ya san gurbi in ya gan shi, don da shi yake cin abinci. A duk ƙasar ba a yi maginin da ya kai shi iya dasa faranti a rufin soro ba. In an ɗaure azara an rufe, sai ya hau ya buɗe gurbi a tsakiya, ya dasa farantin tagulla ko na tangaran tun ƙasa na ɗanya, ya shafe gefensa, har mai kallo ya rantse tare aka halicce su. Manomi kan dasa shinkafa ya tumɓuke abinsa, mai haƙorin Makka kan gaji ya sa a cire masa, amma abin da Korau ya dasa ya dasu ke nan. Gininsa kuma bai taɓa faɗuwa ba. Wannan ya sa masa girman kai, Tabawa ce kuwa ta yi dakon girman kan nan tun gashinta na baƙi har ya yi furfura. Mutum ne da zai shafa bango ya gaya maka wanda ya kwaɓa ƙasar, amma matarsa ta yi sabon lalle ya tsallake ƙafar bai gani ba.

A cikin gurbin nan na gindin murhu akwai wani ɗan tsoho zaune, tsayinsa bai kai muciya ba, gemunsa kore shar, ga ido ɗaya tal a tafin hannunsa. Ya ɗaga tafin ya dubi Korau da shi, ya ce, "Aminci ya tabbata ga Korau ɗan Jatau, wanda gininsa ba ya faɗuwa. Ni manzo ne daga Sarki Marmazo, mai Birnin Damɓarau da ke can ƙarƙashin ƙasa. Ubangidana ya gina soron da babu irinsa, ya nemi abin da zai dasa a tsakiyar rufinsa. Aka kawo zinariya ya raina, aka kawo lu'ulu'u ya raina. Sai ya tambayi masu duba, mene ne ya fi kome jure nauyi a bayan ƙasa. Suka ce matar Korau."

Korau ya ce, "Ka dawo mini da matata, ko in take ka nan."

Ɗan tsohon ya ce, "Ba a take manzo. Al'adarmu ce mu sanar da mai abu. In ka iso kafin ƙasar rufin ta bushe, ka cire abarka ka tafi, ba mai riƙe ka. In ta bushe, kai ka fi ni sanin sauran. Hanya tana nan inda nake zaune." Yana faɗin haka ya nutse cikin daɓen.

Korau kuwa ya san sauran. Farantin da ƙasa ta bushe a kansa ba ya fitowa sai gutsure-gutsure. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan soro mai hawa biyu. Ya sauke tukunyar, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yi aurensu, har ya ƙone yatsa. Ya rataya jakar aikinsa, wadda ba ta rabuwa da garin makuba mai ƙarfafa yaɓe da yankakkiyar ciyawa da gizago. Ya yi bisimilla, ya sa ƙafa cikin gurbin matarsa, ƙasa ta haɗiye shi.

Ya faɗo a wata ƙasa mai jan sama, babu rana babu inuwa. Ya bi hanya ɗaya da ya gani, har ta kai shi tsakanin manyan duwatsu biyu, inda wata ƙofar dutse ta tare wurin. Ƙasusuwan mutane ne birjik a gindinta. A gefe wani ƙato na zaune, kansa na goga gajimare, ƙudan zuma sun yi saƙa a cikin ƙirjinsa, in ya buɗe baki sai su fito tare da maganar.

Ƙaton ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai an zare baƙin dutsen can da ke dashe a tsakiyar samanta. Wanda ya zare ya wuce. Waɗannan da ka gani a kwance, su ma duk sun zare."

Korau ya ɗaga kai ya duba, ya yi tsaki. Ya ga duk nauyin ƙofar a kan baƙin dutsen ya taru. Ya sari itatuwa da gizago, ya tokare dama, ya tokare hagu, ya cusa ƙananan duwatsu duk inda ya ga rauni, ƙudan zuma na ta harbinsa a wuya bai ko kore su ba. Sa'an nan ya hau ya zare baƙin dutsen a hankali. Ƙofar ta yi gurnani ta buɗe, ko tsakuwa ba ta faɗo ba.

Ƙaton ya sunkuyar da kai ya ce, "Lalle kai ne wanda ake jira."

Korau ya karkaɗe hannu ya ce, "Ai duk wanda ya sha ƙurar gini ya san ba a cire abu sai an ƙarfafa gefensa. Waɗannan gaggawa ce ta kashe su." Ya wuce yana jin daɗin kansa, da fuska a kumbure.

Daga nan hanya ta kai shi bakin wani duma da ya kai tudu girma. Ya sunkuya ya shiga ta bakinsa, sai ga kasuwa tana ci a ciki. Aljanu sun baje haja iri-iri: ruwan sama a cikin ƙwan zabo, hasken wata a kafar allura, kukan jinjiri a cikin ƙwallon aduwa. Kowa na kiransa da sunansa yana miƙo masa. A tsakiyar kasuwar an rataye wani zoben azurfa mai faɗin bakin rijiya, inda ya kamata a ga dutsen zobe kuwa, wani tsohon mutum ne dashe har ƙirji.

Tsohon ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka taya kome a nan. Wanda ya taya, a cikin abin da ya taya zai kwana har abada. Ka bi layin masu allura, ka rufe bakinka, za ka ga mafita."

Korau ya yi godiya, ya ce, "Baba, kai me ka taya?"

Ya ce, "Ban taya kome ba. Ni Dogara ne, maƙerin azurfa, a zamanina ba a yi kamata ba. Wucewa na zo yi, kamar kai. Na ga zoben nan bakinsa sako-sako, aikin banza, raina ya ƙi. Na shiga ciki don in ji daɗin matse shi. Ya kuwa matsu." Ya yi wani murmushi mai ban tausayi, ya ƙara da cewa, "Inda za ka, ka sa hannuwanka a hammata."

Korau ya tausaya masa ƙwarai. Amma a ransa cewa ya yi, wannan wautar maƙera ce, magini ba ya fara aiki sai ya san ta inda zai sauko. Ya bi layin masu allura, suna jan rigarsa suna yi masa ragi, bai ce uffan ba har ya fita ta gindin duman.

Sai ya faɗa wani fili na farin yashi wanda ba ya da iyaka. Ya yi tafiya har takalmansa suka tsinke, ya yar da su, har harshensa ya manne a dasashi. Ba ƙishirwar ce ta fi damunsa ba. Duk iskar da ta hura, sai ya ji kamar a kan rufin can take hurawa tana busar da shi, sai ya ƙara sauri. Can ya hangi wani ɗan tafki. Da ya leƙa, sai ya ga gidansa a cikin ruwan, da zauren da rumbun da bishiyar lemun tsakar gida. Ya sa ƙafa, ya gangara ciki, ko jiƙewa bai yi ba.

Ga Tabawa a gindin murhu. Ta taso da moɗa cike da ruwan sanyi, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Sun sako ni tun ɗazu. Sha ka huta, wahala ta ƙare."

Murna ta kama shi. Ya karɓi moɗar, har ya kai baki, sai idonsa ya sauka a kan ƙofar ɗakinta. Bakan ƙofar ya ɗan zame hagu. Shi ya ɗaure bakan nan da hannunsa, ya kuwa san bai taɓa yin karkataccen abu ba. Ya watsar da ruwan, inda ya zuba yashi ya yi baƙi yana hayaƙi. Matar ta yi wata ƙara, ta tarwatse ta zama jemagu, gidan ya narke, ya tsinci kansa zaune a kan yashi.

Ya tsira, amma bai yi murna ba. Ya zauna yana tunanin yadda ya dubi fuskar nan ido cikin ido bai gane ba ta matarsa ba ce, sai da bango ya gaya masa. Ya nemi ya tuna ko a wane kunci ne ɗan tabon Tabawa yake, ya kasa. Nan Korau ya yi kuka, shi kaɗai, da murya. Da ya share hawaye ya ɗaga kai, sai ga ganuwar Birnin Damɓarau a gabansa.

Birni ne babba, amma ganinsa sai ya ba ka tausayi. Ganuwa ta yi tumbi, soraye sun karkace, ko'ina laka na ɗiga. A jikin kowane bango aljanu ne jere, wasu sun tokare da baya, wasu da ka, wasu har sun tsufa a tsaye. Korau na tafe yana kau da kai, tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Ya ɗauka sabon gini ne aka yi a gaggauce, har hankalinsa ya ɗan kwanta, don in ƙasa na ɗanya haka to bai makara ba.

Aka shigar da shi soron sarki. Faɗinsa ya kai filin idi, tsawonsa ya fi rimi. Sarki Marmazo na zaune a kan karaga, wani farin maciji ya naɗe masa kai yana barci, fadawansa sun cika wurin tsit. Da ya yi magana sai da ƙasa ta amsa.

Ya ce, "Maraba da Korau ɗan Jatau, wanda ya buɗe ƙofar dutse, ya ratsa kasuwar duma, ya ƙi ruwan tafki. Ga abarka can sama. Ƙasa ba ta bushe ba, alkawarinmu na nan yadda manzo ya faɗa. A kawo masa tsani."

Korau ya ɗaga kai. Can a tsakiyar rufin, inda manyan azara suka haɗu, ga Tabawa. Bayanta duk ya nutse cikin ƙasa, fuskarta da tafukan hannunta da yatsun ƙafarta kawai ake gani. Ya hau tsanin nan yana haki, bai tsaya ba sai da ya kai inda numfashinta ke taɓa shi. Abin da ya fara dubawa tabon ne. A kuncin hagu yake.

Ta ce, "Maigida, ka iso? Ka sauke tuwon nan kuwa?"

Ya ce, "Na sauke."

"To madalla. Me ya sami fuskarka haka?"

"Zuma ce. Bar wannan. Suna ba ki abinci?"

"Ba na jin yunwa a nan. Wuyana ne dai ya gaji. Kama hannuna ka ja, mu tafi gida. Ƙasar nan kamar kunu take, ja ɗaya zan fito."

Ya kai hannu zai kama, sai idon magini ya riga shi. Ya ga ɗaurin azarar sako-sako, ya ga ƙasar na motsi kamar tana numfashi, ya ga tsaga ta taso daga kafaɗarta ta nufi bango. Duk nauyin rufin nan a kanta ya taru. Ya janye hannunsa.

Ya ce, "In na ja ki haka, rufin nan a kanmu zai sauka. Bari in ƙarfafa gefen tukuna, yanzu-yanzu zan gama."

Ta ce, "Maigida, ni ce a cikinta. Tun da aka sa ni ba ta ƙara tauri ko kaɗan ba, kuma ba ta da nauyin da kake gani. Ka dubi mutanen nan ma. Ba ni suke kallo ba, jakarka suke kallo."

Ya ce, "Tabawa, ke da gini? Na taɓa koya miki tuƙin tuwo?"

Ta ƙyale shi, yadda ta saba. Ni dai duk lokacin da na iso nan a labarin sai raina ya ɓaci. Mace ta ce maka ita ce a ciki, kai kana waje, ka ce ka fi ta sani. Amma a yi masa adalci, ba girman kai ne kaɗai ba. Tsoro yake ji kada ta mutu a hannunsa, kuma abin da ubansa ya koya masa ke nan, da shi ya buɗe ƙofar dutse, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya yakuci ƙasar rufin, ya zuba mata makuba da ciyawa, ya cuɗa a tafin hannunsa har ta yi danƙo. Ya cike tsagar, ya ƙara ɗaure azara, ya bi gefen jikinta da yaɓe a hankali. Inda ƙasa ke cin wuyanta ya shafe ya yi mata matashi. Tun da yake bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, don bai taɓa yin aiki da ƙauna haka ba. A can ƙasa kuwa fadawa ko tari babu mai yi.

Da ya yi shafar ƙarshe sai ya ji ƙasar ta yi ɗumi a ƙarƙashin yatsunsa. Launinta ya juya daga baƙi zuwa ja. Bushewa ta tashi daga inda hannunsa yake, ta bi rufin a guje kamar wuta a jinka, ta gangara bango, ta fita ƙofa, ta bi titi-titi har ganuwa, ana jin ƙarar ta ƙas-ƙas-ƙas. Aljanun da ke tokare da bangaye suka janye jiki, suka miƙe ƙugu, ba abin da ya faɗi. Sai guɗa ta kaure a birnin, aka buga tambura.

Korau ya cafki hannun Tabawa ya ja. Ta yi nishi, ba ta motsa ba. Ya ja da hannu biyu. Ya shiga yaƙushin yaɓen da farce har faratansa suka fashe, ko ƙura bai kankaro ba. Aikinsa ne, kuma aikinsa ba ya sakin abin da ya kama.

Ya sauko kamar mahaukaci ya tsaya gaban karaga. Ya ce, "Ka yaudare ni."

Sarki Marmazo ya ce, "Ya ɗan Jatau, ban ce ka gyara ba. Tun da aka kafa birnin nan ƙasarmu ba ta taɓa bushewa ba, kuma ba ta bushewa sai gwani daga cikin 'yan Adam ya sa mata hannu don kansa, ba tilas ba lada. Jama'ata sun tsufa suna tallafe da bango, an haifi wasu a gindin bango sun mutu a nan. Na san in na kira ka ba za ka zo ba, in ka zo kuma ba za ka ga ɓataccen aiki ka ƙyale ba. Da ka ja ta, da ta fito, rufin ya lotsa ya koma yadda yake, don laka ba ta kashe kowa. Matarka ta gaya maka, duk muna ji."

Korau ya san gaskiya ce.

Sarkin ya ce, "Ba mu da butulci. Za a ɗora maka zinariya iyakar abin da raƙuma za su ɗauka, a kai ka ƙofar gidanka kafin ka ƙifta ido. In kuwa ka fi so, ga gizagonka, ka hau ka fasa. Kai ka san abin da zai fito."

Ya juya ya sake hawa tsanin, wannan karon a hankali, kamar tsohon da yake.

Tabawa ta ce, "Ƙafafuna sun daina ji, Maigida. Abin yana hawowa."

Ya taɓa yatsun ƙafarta, ya ji su sanyi da santsi kamar tangaran. Ya kifa goshinsa a jikin azara. Ya ce, "Kin faɗa mini."

Ta ce, "Na faɗa. Na sha faɗa maka abubuwa." Ta ƙara da cewa, "Na yafe maka, duniya da lahira. Yanzu ka tafi gida. Ka aika wa ƙanwata Lantana ta zo ta kwashe kayan ɗakina. Ka riƙa cin abinci a gidan maƙwabcinmu Malam Nomau, na san matarsa ba za ta hana ka ba. Kada ka zauna da yunwa, kai ko fura ba ka iya damawa ba."

Ya ce, "Wane gida?"

"Gidanka mana."

"Bango ne kawai a can. Na ga bango ya ishe ni."

Ya zaro gizago. Ta ɗauka fasawa zai yi, ta rufe ido. Amma gefe ya koma, ya shiga saran rufin a hankali, yana tara garin a jakarsa. Ya so ya yi wa kansa gurbi dab da jikinta, sai dai wata babbar azara ta ratsa tsakani, in ya yanke ta kuwa rufin zai tsage har inda take. Don haka ya sara a ɗaya gefen azarar, daidai tsawonsa da faɗinsa. Ya leƙa ƙasa ya roƙi ruwa.

Sarki Marmazo ya miƙe tsaye, har macijin kansa ya farka. Ya ce, "Ya ɗan Adam, wannan ba ya cikin abin da muka nema."

Korau ya ce, "Na sani. Naku na gama. Wannan nawa ne."

Sarkin ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya ce a kai masa ruwa, a kuma tsai da tambura. Aka tsayar.

Tabawa ta ce, "Maigida, me kake yi? Ba na ganinka."

Ya ce, "Ina nan kusa."

"Na ce ka tafi gida. Yau ma ba za ka ji maganata ba?"

"Wannan ɗaya ki bar mini. Daga ita duk abin da kika ce shi ke nan."

Ya kwaɓa garin da sauran makubar da ta rage. Ya shiga gurbin da baya, ya ɗaure ƙugunsa a jikin azara da igiyar jaka, ya fara yaɓe kansa tun daga ƙafa. Ƙasar na kamawa yana hawowa, har ƙirji, har kafaɗar hagu. Hannun dama kawai ya bari. Ya tura tsanin da shi, tsanin ya faɗi can ƙasa. Sa'an nan ya zagaya da hannun ta ƙarƙashin azarar yana lalube, har ya sami tafinta. Da sauran ɗumi a ciki.

Ta riƙe yatsunsa. Ya ji tana kuka a hankali, shi ma yana yi, ba mai ganin wani. Aljanu suka fice ɗaya bayan ɗaya, aka bar su su kaɗai a soron.

Can ta ce, "To tun da ka ƙi tafiya, yi mini hira. Rabon da ka yi mini hira har na manta."

Korau ya lalubi kansa, bai sami kome ba sai katanga da soro. Ya ce, "Kin tuna katangar gidanku da ta faɗi da damina, aka kira mu ni da babana?"

Ta ce, "Na san katangar za ka tuna."

Ya ce, "Ina kan tsani kika fito da ƙwaryar fura. Zanenki baƙin saƙi ne mai jan baki. Ɗankunnenki ɗaya ya ɓace, kin sa tsinke a hujin don kada ya toshe. Kika miƙo ƙwaryar kina kallon ƙasa. Ni kuwa na yi ta kallonki har yaɓen da ke hannuna ya zame ya faɗa wa babana a wuya."

Ta yi dariya, 'yar ƙarama, don ƙirjinta ya fara tauri. Ta ce, "Ashe ka gani."

"Na gani."

"To me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Ya matse hannunta kawai.

Ta ce, "Ci gaba." Muryar ta yi nisa, kamar daga wani ɗaki.

Ya ci gaba. Ya ba ta labarin marin da ubansa ya yi masa ranar, da yadda ya riƙa jan aikin katangar nan da gangan don kada a gama da wuri, shi da bai taɓa jan aiki ba. Yana cikin labarin ya ji yatsunta sun daina matse nasa. Ya shafa tafin, ya ji shi sanyi da santsi.

Ya ce, "Tabawa."

Soron ya maido masa da sunan.

Ƙafafunsa sun riga sun daina ji har gwiwa. Ya gyara riƙon hannunta, ya ce, "To, washegari da muka dawo aikin, ke ce kika share wurin. Kin saka wani zane mai ruwan toka."